Wa Zai Binciki Mai Bincike?

'Yan'uwa, tambayarmu ta wannan mako ita ce: wanda aka ba ikon leƙa asirin jama'a, wa zai leƙa nasa?

A 1976, bayan kisan Janar Murtala, aka kafa hukumar NSO. Kuka ya yi yawa kan tsare mutane ba shari'a, har aka rushe ta a 1986, aka kafa uku a madadinta, ciki har da ta soja, DIA. A shekarar nan babu majalisar da za ta tambaya. Yau kuwa sashe na 88 na tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon bincike.

Wasu sukan ce tsaro sai da sirri. Haka ne, amma sirri amana ne, mai riƙonta kuwa bai fi ƙarfin tambaya ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Abin da lalura ta halatta, gwargwadonta ake yinsa, kuma mai aikin ba shi zai auna wa kansa ba. Sayyidina Umar ya aiki Muhammadu ɗan Maslama ya binciki Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, gwamnan Kufa, duk da darajarsa.

Sai dai ɗan majalisar da ya ji sirri ya kai shi kasuwa, shi ma ya ci amana. Allah ya sa mu dace, amin.