WANE YAKUBU?

Karatu: Farawa 32:22-32, Ishaya 43:1

Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga masu jin Hausa da ke Basunda da sauran garuruwan jihar Gadarif a ƙasar Sudan, can kusa da iyakar Habasha, ƙasar dawa da riɗi. Kakannin da yawa daga cikinku sun baro ƙasar Hausa a ƙafa, suka nufi gabas, suka tafi da harshensu da sunayensu. Shi ya sa sunan da ake raɗa wa yaro a Kano ko Maraɗi, shi ake raɗa wa yaro a Gadarif.

Ku mutanen Sudan kun san cewa suna ɗaya ba ya isar hukuma. A takarda sai an rubuta naka, da na mahaifinka, da na kakanka, da na mahaifin kakanka. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasar ran 15 ga Afrilu 2023, mutane da yawa suka gudo jihar Gadarif. Wanda ya taɓa tsayawa a layi yana jiran a kira sunansa domin mudun hatsi, ya san yadda zuciya take bugawa. Sai a kira suna, mutum biyu ko uku su miƙe. Sai mai kira ya ce, "Wane daga cikinku?"

Yau za mu ɗauki suna ɗaya, wato Yakubu, mu ga abin da Allah zai koya mana ta wurinsa.

1. Suna ɗaya, hanya dabam dabam

In ka ce Yakubu a garin Bauchi, tunanin mutane zai tafi ga sarkinsu na fari, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya kafa birnin a 1809. Har yau ana yi wa garin kirari da Bauchin Yakubu.

In ka ce Yakubu a gaban tsofaffin sojoji, za su tuna da Janar Yakubu Gowon. Ɗan mai bishara ne, ya tashi a Wusasa kusa da Zariya. Ya zama shugaban Nijeriya a 1966 yana da shekara 31, ya riƙe ƙasar cikin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. A 1975 aka hamɓarar da shi yana wurin taro a Kamfala ta ƙasar Yuganda, sai ya tafi Ingila ya koma ɗalibi a jami'a. Daga baya ya kafa ƙungiyar yi wa Nijeriya addu'a.

In ka ce Yakubu a gaban matasa, za su ce ai ɗan ƙwallo ne, Yakubu Aiyegbeni, wanda ya ci ƙwallo 95 a babbar gasar Ingila, ya kuma ci wa Nijeriya 21. Amma mutane da yawa abin da suka riƙe shi ne ƙwallon da ya zubar a bakin raga a wasan Nijeriya da Koriya ta Kudu, a gasar cin kofin duniya ta 2010. Ba su tuna cewa bayan 'yan mintoci kaɗan ya ci bugun fenariti a wannan wasan. Haka ɗan adam yake. Yakan ɗauki kuskurenka guda ya maida shi sunanka.

Akwai kuma Yakubu Dogara, wanda ya zama kakakin majalisar wakilan Nijeriya daga 2015 zuwa 2019. Akwai Yakubu Muhammad, mawaƙi kuma ɗan wasan fina-finan Hausa.

Ga sarki, ga soja, ga ɗan ƙwallo, ga ɗan siyasa, ga mawaƙi. Dukansu takwarorin juna ne. Ba mu kawo su nan domin mu auna kowa ba, gama Allah ne mai sanin zuciya. Abin da muke so ka gani shi ne, ba wanda zai iya cin gādon wani don sunansu ɗaya. Ɗan ƙwallo ba zai hau gadon sarautar Bauchi ba don ana ce da shi Yakubu. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

2. Haka yake cikin Littafi Mai Tsarki

Cikin manzanni 12 na Yesu, biyu suna amsa sunan Yakubu. Na farko ɗan Zabadi ne, masunci, ɗan'uwan Yahaya. Yana cikin mutum uku da Yesu ya hau dutse da su ran da kamanninsa suka sāke. Shi ne kuma na fari cikin manzanni da aka kashe saboda bangaskiya, gama sarki Hirudus ya sa an sare shi da takobi (Ayyukan Manzanni 12:2).

Na biyu ɗan Halfa ne. Sunansa yana cikin jerin manzanni, amma ba a rubuta mana ko kalma ɗaya da ya faɗa ba. Duk da haka Ubangiji ne ya zaɓe shi, bayan ya kwana yana addu'a a kan dutse.

Akwai na uku, ɗan'uwan Ubangiji. Gida ɗaya suka tashi da Yesu a Nazarat, amma da fari bai gaskata da shi ba (Yahaya 7:5). Sai bayan tashin Yesu daga matattu, da ya bayyana gare shi, ya zama ginshiƙi cikin ikkilisiyar Urushalima. Zama gida ɗaya da Mai Ceto bai cece shi ba, sai da ya ba da gaskiya shi da kansa.

Ka lura kuma, cikin manzannin nan akwai Yahuza biyu. Akushi ɗaya suka ci, koyarwa ɗaya suka ji. Ɗaya ya tsaya da aminci, ɗaya ya sayar da Ubangijinsa a kan azurfa 30.

3. Daren da aka tambayi Yakubu sunansa

Yanzu mu koma ga wanda dukan waɗannan suka gāji sunansa, wato Yakubu ɗan Ishaku, jikan Ibrahim. 'Yan biyu ne shi da Isuwa. Ran da aka haife su ya fito yana riƙe da diddigen wansa, daga nan aka samo sunan. A cikin harshen Ibraniyawa sunan yana ɗauke da ma'anar mai kama diddige, mai yi wa wani ƙafar ungulu. Suna linzami ne, in ji Hausawa, haka kuwa ya zama masa.

Ya sayi matsayin ɗan fari daga Isuwa da kwanon fate. Sa'ad da idanun Ishaku suka dushe saboda tsufa, Yakubu ya sa tufafin wansa, ya rufe hannuwansa da fatar 'yan awaki, ya shiga wurin tsohon. Ishaku ya tambaye shi ko shi wane ne. Yakubu ya amsa da sunan wani, ya ce shi ne Isuwa. Ya sami albarkar, amma ya rasa gida. Ya gudu zuwa Haran, ya yi shekara 20 yana yi wa kawunsa Laban kiwo. Can ma ya gamu da gamonsa, gama Laban ya ruɗe shi a kan aure, ya yi ta sauya masa lada.

Da yana komowa gida, aka faɗa masa Isuwa yana zuwa da mutum 400. Tsoro ya kama shi. Ya aika da kyautai garke garke, ya haye da matansa da 'ya'yansa rafin Yabbok, ya ragu shi kaɗai cikin duhu. A nan wani ya kama kokawa da shi har gari ya kusa wayewa. Ya taɓa kwatangwalonsa, ya gurɗe. Yakubu ya ƙi sakinsa sai ya sa masa albarka. Kafin albarkar, sai mutumin ya tambaye shi sunansa.

Ya kai mai sauraro, kana tsammani Allah bai san sunan ba ne? Ya sani sarai. Tambayar da Ishaku ya yi masa shekara 20 da suka wuce, ita ce ta komo. A wancan karo ya ɓuya a bayan sunan wani. A wannan karo ba tufafin aro, ba fatar akuya, ba uwar da za ta shirya masa magana. Ya buɗe baki ya faɗi sunansa na gaskiya, da dukan abin da sunan yake ɗauke da shi na ruɗi da ƙwace. A nan take aka ba shi sabon suna, Isra'ila. Ya kira wurin Feniyel, gama ya ga Allah fuska da fuska, bai kuwa mutu ba. Ya tashi yana ɗingishi, amma da safe Isuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi, suka yi kuka tare.

4. To, kai fa?

Wannan magana tana da gargaɗi, tana kuma da ta'aziyya.

Gargaɗin shi ne, da yawa a cikinmu muna tafiya da sunan aro. Wani yakan ce, "Ai ubana fasto ne." Wata takan ce, "Ai kakana ne ya ba da filin da aka gina majami'a." Wani yana taƙama da sunan baftisma, Bitrus ko Bulus ko Maryamu, alhali mudunsa a kasuwa ba ya cika, maƙwabtansa kuma ba su tsira daga harshensa ba. Sunanka yana cikin littafin ikkilisiya, kana biyan zakka, kana cikin ƙungiyar mawaƙa. Madalla. Amma akwai wani littafi, Littafin Rai (Wahayin Yahaya 20:15), a cikinsa kuwa ba a rubuta mutum saboda takwaransa ko saboda mahaifinsa. Yesu ya gaya wa almajiransa cewa abin murna na ainihi shi ne a ce an rubuta sunayensu a Sama (Luka 10:20). Ran shari'a ba wanda zai miƙe a madadinka.

Ta'aziyyar kuwa ita ce, Allah ba ya ruɗewa. Cikin Ishaya 43:1, ga zuriyar Yakubu ɗin nan Ubangiji yake magana, yana ce musu kada su ji tsoro, domin ya fanshe su, ya kira su da sunansu, nasa ne su. Wataƙila kai kamar Yakubu ɗan Halfa kake, ba wanda ya san aikinka. Kana yankan riɗi a gonar wani, ko kina sayar da shayi a bakin hanya. Wataƙila takardunka sun ƙone tare da gidanka, ko an kira sunanka wani ya karɓi rabonka. Wataƙila mutane suna kiranka da kuskuren da ka yi shekara 10 da suka wuce. Makiyayi mai kyau yana kiran tumakinsa kowace da sunanta (Yahaya 10:3). Ba ya bukatar sunan kakanka kafin ya gane ka.

Abin da yake nema a wurinka shi ne abin da ya nema a wurin Yakubu a bakin rafi. Ka tuɓe tufafin Isuwa. Ka faɗa masa ko kai wane ne, ba tare da kwana-kwana ba. In ƙarya ce, ka ce ƙarya. In sata ce, ka ce sata. In akwai Isuwan da ka cuta, ka tashi ka neme shi tun yana da rai, ka mayar masa da abinsa. Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye domin masu zunubi, ya tashi a rana ta uku, duk wanda ya zo gare shi kuwa ba zai kore shi ba. Ya kuma yi alkawarin sabon suna ga wanda ya yi nasara (Wahayin Yahaya 2:17).

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, Allahn Ibrahim da Ishaku da Yakubu, ka san ni tun ina cikin uwata. Ga ni a gabanka da sunana na gaskiya. Ka gafarta mini zunubaina saboda jinin Yesu, ka rubuta sunana cikin Littafin Rai. Ka tuna da mutanen Sudan, da waɗanda suka bar gidajensu, da waɗanda suke neman 'yan'uwansu. Ka kawo salama a ƙasar. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Domin tunani cikin wannan mako

1. Da sunan wa kake dogara a gaban Allah?
2. Akwai wanda ya kamata ka nemi gafararsa kafin ranar Lahadi?