CINIKIN BIRI A SAMA: LAIFIN WA?

Tun zamanin kakanni Bahaushe ya yanke hukunci cewa ba a cinikin biri a sama. Sai an sauko da shi, mai saye ya duba ya juya, sannan a yi maganar kuɗi. To, ga shi mun shigo wani zamani da birin yake wata ƙasa, mai saye yana zaune a ɗakinsa, ba abin da ya haɗa su sai hoto da 'yan layukan bayani. Wannan shi ne gwanjon intanet, irin wanda kamfanin eBay ya fara a Amurka a 1995, inda kowa ke iya baza hajarsa, mutane su yi ta tayawa har lokacin da aka ɗiba ya cika. Daga cikin hajojin da ake gwanjonsu akwai duwatsu masu daraja, wato daimon da yakutu da zumurrudu da dangoginsu, kuma da wuya a sami hajar da ta fi su sauƙin algus. Tambayar da muke son mu tattauna ita ce: in aka sayar wa mutum da ƙwalba da sunan yakutu a irin wannan kasuwa, laifin wa?

Kafin a yi shari'a sai an san yadda ake cutar. Jabun dutse iri uku ne. Na farko shi ne mai kama kawai, kamar gilashi mai launi, ko zarkoniya da ta shigo kasuwa a wajen 1976 tana ƙyalli kamar daimon. Akwai kuma wani mai suna moisanait da aka fara sayarwa a 1998, wanda har na'urar da ke gwada daimon ta hanyar zafi yakan ruɗa. Na biyu shi ne wanda aka ƙera a masana'anta. Tun 1902 wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana hanyar narka garin sinadari a cikin harshen wuta ya daskare ya zama yakutu. Wannan dutse sinadarinsa da taurinsa ɗaya ne da wanda aka haƙo, amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na uku shi ne dutsen gaske da aka yi wa kwaskwarima. Tun wajen 2004 kasuwanni suka cika da yakutu mai tsattsagewa wanda aka ɗura wa gilashi mai dalma domin ɓoye tsagar. A hoto ya fi kowa kyau, amma da ya gamu da wutar maƙeri ko ruwa mai tsami sai asirinsa ya tonu.

Masanin duwatsu yakan gane duk waɗannan in ya sa madubin ƙara girma da na'urorinsa. Hoto kuwa ba a gwada taurinsa, ba a auna nauyinsa. Shi ya sa mai saye ke jingina da takardar shaida. Akwai cibiyoyin gwaji da aka yarda da su, kamar GIA ta Amurka da aka kafa a 1931, wadda kowace takardarta ke da lambar da ake iya bincikawa. Sai dai maha'inta ma sun san haka. Sukan buga takarda da sunan cibiyar da babu ita, ko su kwafi lambar takardar gaske su liƙa wa wani dutse dabam. Sannan ga tsohuwar dabarar nan ta sa abokin ɓoye ya dinga ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai farashi ya hau. Malaman fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa, suka kira shi najashi, kuma haramun ne. A kasuwar gari mai yin haka yana da fuskar da za a gane. A intanet mutum ɗaya na iya zama mai kaya, ya kuma zama mai tayawa da wani suna.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, dutse ba ya ƙarya. Gilashi bai taɓa cewa shi yakutu ba ne, kuma wanda ya ƙera dutse a masana'anta ya sayar da shi da sunansa bai ci haƙƙin kowa ba, hasali ma ya taimaki talaka ya yi ado. Ƙaryar tana cikin sunan da aka raɗa masa. Ko a nan ma akwai bambanci tsakanin kuskure da ha'inci. A kambin sarautar Ingila akwai wani jan dutse mai nauyin karat kusan 170, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana kiransa yakutu. Daga baya ilmi ya nuna wani dutse ne dabam mai suna sifinel. Waɗanda suka kira shi yakutu a da ba su yi ƙarya ba, iyakar saninsu ke nan. Maha'inci shi ne wanda ya sani ya ɓoye, ko ya zaɓi kalma mai harshen damo, ya rubuta "na gaske" da manyan baƙaƙe, ya tura "ƙirar masana'anta" can ƙasa inda ido ba ya kai wa. Wannan laifinsa a fili yake, ba ya bukatar dogon zance.

Mai saye fa? Wasu za su ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ya ga dutsen da ya san kuɗinsa ya kai dala dubu ana gwanjonsa a dala ashirin, ya yi wuf ya taya, me ke cikin zuciyarsa? Ko dai yana zaton mai kayan bai san darajar abinsa ba, ko yana zaton kayan na sata ne. Ko wanne ne, shi ma ya shiga cinikin da fatan ya ci bulus daga jahilcin wani. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin maha'inci da kwaɗayin mutane yake farauta. Amma a ganina ba ta wanke mai cuta ko kaɗan. Kwaɗayi rauni ne, ha'inci kuwa aiki ne da aka zauna aka shirya. Bayan haka, ba kowane mai saye ne makwaɗaici ba. Akwai saurayin da ya tara kuɗinsa don zoben aure, ya biya cikakken farashi, aka aiko masa da zarkoniya. Abin da za a ɗora wa mai saye shi ne sakaci: bai bincika lambar takarda ba, bai nemi sharaɗin mayar da kaya ba, bai kai dutsen wurin masani ba kafin wa'adin mayarwa ya wuce.

Saura mai kasuwa, wanda ke karɓar la'ada a kan kowane ciniki, na gaskiya da na ƙarya. An kai wannan batu gaban alƙali. A 2004 kamfanin kayan ado na Tiffany ya yi ƙarar eBay a Niyok, bayan ya sayi kayan azurfa masu ɗauke da sunansa a dandalin, ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu jabu ne. A 2008 kotu ta ba eBay gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010. Hujjarta ita ce, sanin cewa akwai jabu a kasuwa gaba ɗaya bai isa a kama mai kasuwa ba, sai in ya san takamaiman hajar da ke jabu ya ƙi cire ta. Amma a shekarar 2008 ɗin, wata kotu a Faris ta ci tarar eBay kusan yuro miliyan 40 a ƙarar da rukunin kamfanonin LVMH ya shigar, ko da yake an rage tarar sosai daga baya. Ka ga alƙalai ma sun saɓa. Doka tana iya sallamar mutum, lamiri ya riƙe shi. A al'adarmu dillali ba ya cin la'ada sannan ya ce ba ruwansa da hajar, domin don amincinsa aka zo wurinsa. A 2022 eBay ya fara haɗa kai da GIA wajen tantance wasu kayan ado masu tsada a Amurka, kuma wannan ya nuna cewa abin da kotu ba ta tilasta ba, tsoron rasa amincewar jama'a ya tilasta.

Akwai kuma wanda aka cuta ba ya cikin cinikin ma. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin cewa in mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da maras kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai masu kayan kirki su janye, kasuwa ta zama ta 'yan algus. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ana haƙo shuɗin yakutu a tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ana samun wasu duwatsun a Nasarawa da Kaduna da Oyo. Mai haƙa da ya shiga rami ya fito da dutsen gaske, da ɗan kasuwar da ya saya da gaskiya, dole su yi gogayya da mai gilashin da hotonsa ya fi nasu ƙyalli. Kowace ƙarya da ta ci kasuwa, daga aljihun mai gaskiya ta ci.

Saboda haka laifin ba na mutum ɗaya ba ne, amma kuma ba daidai aka raba shi ba. Kaso mafi tsoka na wanda ya raɗa sunan ƙarya ne, sai mai cin la'ada da ya kau da kai, sannan mai saye da ya yi sakaci.

'Yan'uwa marubuta, wannan batu bai yi nisa da sana'armu ba. A gwanjon intanet bayani ake saye, dutsen sai daga baya yake isowa. Ashe makamin maha'incin nan alƙalami ne, kuma gwaninta ce irin tamu yake amfani da ita: zaɓen kalma, gabatar da wannan, jinkirta wancan. Mai karatunmu shi ma cinikin biri a sama yake yi, domin bai ga abin da muka gani ba, maganarmu ya ɗauka. In mun ƙirƙiro labari muka kira shi ƙagagge, mun sayar da dutsen masana'anta da sunansa, ba mu ci amanar kowa ba. In kuwa muka ƙirƙira muka ce tarihi ne, ko muka ɗauki aikin wani muka sa sunanmu, to mu da mai gilashin nan jirgi ɗaya ya kwaso mu. Allah ya ba mu ikon kiran kowane abu da sunansa.