Nisan Harbi da Haƙƙin Dabba

A zamanin da, maharbin da ya tashi daga Kwaciri ko Fagge da adaka yake shiga daji. Adaka ba ta cin nisa, saboda haka tilas ya yi sanɗa, ya lura da iska, har ya matso kusa da gwanki ko ɓauna. Wannan kusanta ita ce gwanintarsa.

Daga baya aka kawo bindigogi masu cin dogon zango. A 1912 kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da harsashin .375, wanda ya yi suna wajen kayar da ɓauna da giwa. To, in bindiga tana kai yadi 500, ya kamata maharbi ya harba daga can?

Nisa yana rage wa harsashi ƙarfi, yana sunkuyar da shi, iska kuma tana karkatar da shi. A nufi zuciya, ya sauka a tumbi ko cinya. Dabba ta tsere da rauni, ta yi kwanaki tana wahala, ta mutu mushe, ba mai ci sai ungulu. In ɓauna ce, manomin da ya gamu da ita shi zai biya bashin da bai ci ba.

Don haka maharbi na ƙwarai yakan zaɓi harsashin da ya isa dabbar, ya kuma tsaya a nisan da ya tabbata harbi ɗaya zai kayar da ita. In bai tabbata ba, ya sauke bindiga. Ita ba ta san haƙƙi ba, mai riƙe da ita za a tambaya.