HUKUNCIN WANKE ƁARGO A MAYAR WA MAI SHI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata sankarar jini mai gaggawa wadda ke tsira a cikin ɓargo, wato inda Allah Yake halittar jini. Wata dabarar likitoci ita ce, idan cutar ta lafa da magani, sai su ɗebi ɓargon majinyaci daga ƙashin ƙugunsa, su jiƙa shi da wani magani don kashe ragowar ƙwayoyin cutar, su daskarar da shi. Sannan a ba shi magani mai tsananin ƙarfi da zai ƙone ɓargon da ke jikinsa, a mayar masa da wankakken ta jijiya. Likitocin asibitin Johns Hopkins na Amurka sun ba da rahoton wannan aiki a 1986.

To, shin halal ne? Mai shakka zai ce jinin da ya kwarara najasa ne, yaya za a mayar da shi? Amsa ita ce hukuncin najasa ya shafi abin da ke bisa jiki da tufafi da wurin salla. Da ya shafi na cikin jijiyoyi, ai da babu mai sallar da za ta inganta. Ga kuma lalura. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar wani sashe na jikin mutum a mayar a jikinsa, muddin amfanin ya rinjayi cutarwa.

A kan wannan sharaɗi nake so mu tsaya, domin nan ne mutane ke wucewa da sauri. Maganin wankin yana raunana lafiyayyun ƙwayoyi ma, har jini ya daɗe bai farfaɗo ba, majinyaci na kwance makonni cikin hatsarin zazzaɓi da zubar jini. Kuma ba a tabbatar sarai cewa wankin na ƙara yawan masu warkewa ba, shi ya sa yau galibin asibitoci sun bar shi. Saboda haka fatawar malami ba ta isa ba. Wajibi ne likita amintacce ya auna rinjayen, ya gaya wa majinyaci gaskiya, shi kuma ya yarda ba tare da tilas ba.

Allah Shi ne Mafi sani.