Shin Dole Ne Labari Ya Ƙare Da Daɗi?

Duk wanda ya saba halartar zaman karatu na marubuta, ko a nan Kazaure ko a Kano, ya san tambayar da ake fara jefa wa sabon marubuci da zarar ya ajiye takardarsa: "To malam, mene ne darasin da ke ciki?" Idan ya tsallake wannan ya kai rubutun nasa gaban mai buga littafi ko mai sayar da labarai ta waya, sai ya tarar da ta biyu tana jiransa, wato "Zai karɓu kuwa?" Tsakanin waɗannan tambayoyi biyu akasarin ƙagaggun labaranmu suka tashi suka girma. A baki, mai neman darasi da mai neman ciniki ba sa ga-maciji da juna, amma in an duba da kyau abu guda suke so daga marubuci, ya rufe labarinsa ruf, ya sallami kowa da abin da ya dace da shi, mugu ya ga sakayya, mai haƙuri ya dafa dutse har ya sha romonsa. Abin da muke son mu tattauna a wannan fitowa shi ne ko wannan rufewa hakki ne da mai karatu yake bin mu, ko kuwa wani lokaci ƙarya ce muke shirga masa da kyakkyawar niyya.

Ba mu ne farkon masu wannan gardama ba. A shekarar 1923 aka kafa wata cibiyar nazarin zamantakewa a birnin Farankfot na ƙasar Jamus, wadda daga baya masana suka riƙa kiran mutanenta da suna mazhabar Farankfot. Da Hitler ya hau mulki a 1933 sai suka watse, da yawansu suka nufi Amurka. Biyu daga cikinsu, Theodor Adorno da Max Horkheimer, sun zauna a Kalifoniya, kusa da Holiwud, suna kallon yadda ake ƙera fina-finai da waƙoƙin rediyo. A littafin da suka fitar a 1947 suka raɗa wa abin da suka gani suna masana'antar al'adu. Hujjarsu ita ce, fim da waƙa da labari sun koma kaya irin su sabulu da ashana, kowane sabo yana fitowa da sabuwar takardar naɗi amma daga tukunya ɗaya aka kwarfo shi, kuma aikinsa shi ne ya hutar da lebura da daddare don ya iya komawa bakin aiki da safe ba tare da ya tambayi dalilin wahalarsa ba.

To wane irin adabi ne ya tsira a wurin Adorno? Shi dai ya jingina ne ga masu zamananci, irin su Kafka da Beckett a rubutu, da Schoenberg a kiɗa, mutanen da aikinsu ba ya zuwa da sauƙi kuma ba ya sanyaya rai. A ganinsa, duniyar da ta ga yaƙin duniya biyu da kisan miliyoyin Yahudawa a sansanoni ta riga ta tsage, don haka duk fasahar da ta fito sumul, komai ya daidaita a cikinta, to ta yi wa waɗanda aka zalunta shaidar zur. Gaskiyar aikin fasaha, in ji wannan ra'i, tana cikin zubi da tsarinsa kafin jigonsa. Abin mamaki ma, bai raga wa adabin gwagwarmaya irin na Brecht ba, duk da cewa ta fuskar siyasa ba su yi nisa da juna ba, domin yana ganin wasan da aka rubuta don isar da saƙo yakan rage wa rayuwa nauyi har ta dace da saƙon. Ke nan da za a kawo Adorno zaman karatunmu, da duka tambayoyin nan biyu zai yi watsi da su.

Wanda ya biyo jaridu a shekarun 1990 zai ji kamar ya taɓa jin wannan magana da Hausa. A lokacin ne littattafan soyayya suka cika Kano suka tumbatsa, Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, su kuma irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka yi ta fafatawa a shafukan adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme ke kula da su. Zargin dai shi ne na tukunya ɗaya: yaro ya ga yarinya, iyaye suka ƙi, aka sha wuya, aka yi aure. Ba za mu ce zargin ba shi da tushe ba. Amma fa kwatancin da masana'antar Holiwud yana da gurgun ƙafa, kuma ya kamata matasan da ke karanta Adorno a jami'a su lura da wannan kafin su ɗauko sandarsa su hau dukan na gida.

Holiwud manyan kamfanoni ne masu jari suke shirya wa talaka mafarki. Littattafan Kano kuwa sun fito ne daidai lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka durƙushe, bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada. Malaman makaranta ne da ƙananan ma'aikata da matan aure suka tara kuɗinsu suka kai wa mai injin buga katin biki, suka haɗu a ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suka ɗauki littattafan da kansu zuwa kasuwa. Masu karatun kuma su wane ne? Kada mu manta har zuwa 1991 ƙasar Kazaure da Babura cikin Jihar Kano suke, kuma hukumar yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980 ta buɗe wa dubban manya, musamman mata, ƙofar karatun boko da Hausa. Wanda ya koyi karatu dole ya nemi abin karantawa. Littattafan nan su suka biyo motocin hanyar Daura suka sauka a shagunan haya na Kazaure, suka shiga jakunkunan 'yan makarantar kwana, suka wuce Roni da Gwiwa, wasu suka bi ta Babura suka ƙetara Magarya. Littafi guda sai ya zaga gida goma har bangonsa ya cire. Matar da ta ga an rubuta auren dole ko sakin wulaƙanci a cikin harshenta, karo na farko, da wuya a ce an yi mata allurar barci ne. Shi kansa Adorno ya taɓa yin irin wannan tuntuɓe, lokacin da ya yi wa kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka kuɗin goro ya ce duk kayan kasuwa ne. Abokinsa Walter Benjamin ya fi shi hangen cewa injin da ke yawaita kwafin aikin fasaha yana iya fitar da ita daga hannun 'yan tsiraru.

Duk da haka akwai wurin da maganarsa ta kama mu, kuma yau ta fi kama mu fiye da jiya. Yanzu da labari ya koma waya, ana biyan kuɗi a shiga zauren WhatsApp, ana sauraren karatunsa a YouTube, marubuciya tana rubuta shafin yau tana karanta ƙorafin masu biya a kan shafin jiya. In suka ce kada tauraruwa ta mutu, ba za ta mutu ba. In suka ce a ƙara wa kishiya azaba, sai a ƙara. Ba kamfani ba ne ya tsare ta, amma tukunyar ta fi ta da ƙarfi.

Mu ɗauki misali. A ce wani daga cikinmu zai rubuta labarin yarinya a wani ƙauye na ƙasar Roni, mai ƙoƙari a aji, aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita saboda bashin da ke kan mahaifinta. Mai neman ciniki zai kawo wani matashin Alhaji daga Abuja, motarsa ta lalace a bakin ƙauyen, daga nan sai gidan sama da Umara. Mai neman darasi zai sa mijin ya talauce, uban ya yi nadama yana kuka, ita kuma ta koma makaranta ta zama likita. Kowannensu ya ba mai karatu abin da zai kwanta da shi cikin natsuwa. Amma mu da muke zaune a nan mun san yadda irin wannan labari ya fi ƙarewa: ba ya ƙarewa. Tana nan tana surfe, tana goyo, wani lokaci ma tana dariya, littafinta na aji biyar yana ƙasan adaka. Marubucin da ya ƙi kawo Alhajin, ya ƙi kawo nadamar, ya bar mu da ita a bakin turmi, shi ne ya bar mana nauyin a wuyanmu, domin mun rufe littafin ba a biya ta ba.

Za a ce mana, ai nuna sakayya tarbiyya ce, kuma addini ya tabbatar da cewa zalunci ba ya tafiya a banza. Haka ne. Sai dai abin da muka yi imani da shi shi ne cikar hisabi tana gobe Ƙiyama, ba a babi na ƙarshe ba. Idan kowane littafi ya koya wa mai karatu cewa haƙuri yana biya tun a duniya, da mota da gida, to matar da ta yi haƙurin shekara talatin ba ta ga komai ba me za ta ɗauka? Ko dai ta ce haƙurinta ne bai cika ba, ko ta fara shakkar abin da bai kamata ta yi shakka ba. Wannan ɓarna ce da ba mu cika lissafa ta ba idan muna kirga illolin littattafai, mun fi damuwa da ko an riƙe hannu a shafi na arba'in.

Za a kuma ce, wadda ta yini tana aiki tana da hakkin ta yi mafarki na awa guda. Wannan ma ba mu musa ba, kuma ba mu ga laifin littafin nishaɗi ba. Kakanninmu sun san da haka, shi ya sa suka yi tatsuniya. Amma tatsuniya mai gaskiya ce a kan ƙaryarta, da dare ake yin ta, da Gizo da Ƙoƙi, kuma mai yin ta yakan rufe da faɗa wa yara cewa ƙarya ya shirga. Ƙagaggen labari kuwa yana kiran sunan unguwa da titi da irin mota, yana cewa ga yadda rayuwa take. Wanda ya ari rigar gaskiya, akwai abin da ya hau kansa wanda bai hau kan mai tatsuniya ba.

Kada kuma matasa su fahimci cewa muna kiran su ne su koma rubuta abin da ba mai ganewa, don a ce sun waye. Wannan wata cuta ce daban, mun kuma fara ganin alamunta a wasu waƙoƙin da ake karantawa a taruka, inda ake tsinka jimla ba dalili, a tara kalmomi masu duhu, in ka tambayi ma'ana a ce ai zamananci ne. Tsagewar da ke cikin Kafka daga rayuwarsa ta fito, Bayahude mai rubutu da Jamusanci a birnin Prag, ma'aikacin ofishin inshora. Wanda ya kwafo tsagewar ba tare da ciwon ba, kwalliya ya kwafo. A nan ɗaliban zane na kwalejin Zariya sun riga mu gane hanya. A 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ƙi yarda su zama 'yan amshin shatan malamansu Turawa, suka ce kowa ya koma ya tono fasahar gidansu ya haɗa da dabarun da ya koya. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Dama kuwa shi kansa zamanancin Turai, ai sai da Picasso ya ga sassaƙen Afirka a Faris wajen 1907 sannan ya karya fuskar mutum a zanensa. Mu da muka tashi muna ganin aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi a goshin soro, da zayyana a allon mai sauka, ba ma bukatar a zo daga Jamus a koya mana cewa kyau ba sai ya yi kama da hoto ba. Haka nan masu habaici da zaurance da karin magana ba baƙin zance mai lulluɓi ba ne.

Ko a ƙagaggen labarin ma muna da magabata. Cikin littattafai biyar na farko da suka biyo bayan gasar 1933 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, inda ramuwar gayyar wanda aka ƙwace wa budurwa ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, har ya kashe mahaifinsa, ba kuma wanda ya fita da riba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwa ta ƙetare hamada tana neman ɗanta, ta faɗa bauta, ta same shi, ba ta daɗe ba ta rasu. Malamtar da Umar ya samu ba ta biya wannan ba, marubucin kuma bai yi kamar ta biya ba.

Misalin da ya fi ba mu sha'awa kuwa daga tsakiyar kasuwar da aka raina ya fito. A Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, an kori Rabi da 'ya'yanta, ta kama sana'ar abinci ta tsaya da ƙafarta, mijin da ya wulaƙanta ta kuma ya tsiyace. Har nan dai tukunyar da muka sani ce, sunan littafin ma ya yi alkawarin sakayya. Sai ga shi a ƙarshe an taru a kanta an matsa mata ta koma wa mutumin. A ido an yi sulhu, gida ya haɗu, mai neman darasi ya samu nasa. Amma wanda ya karanta da kunnen basira zai rufe littafin da ɗaci a bakinsa, domin ya ga matar da ta ɗanɗani 'yancin kanta an mayar da ita ɗaukar nauyin wanda ya kore ta, kuma duk masu mayar da itan suna ganin alheri suka yi. Marubuciyar ba ta karya jimla ko ɗaya ba, Hausarta kowace mata a Gwiwa za ta gane ta. An buga fassarar littafin ta Ingilishi a Indiya a 2012, kuma har yau in mata biyu suka zauna a kansa, da wuya su tashi ba su yi musu a kan ko ya kamata Rabi ta koma ba.