Wanda Ya Warke Daga Ciwon Daji Tun Yana Yaro, Da Begen Samun Ɗa

A wannan mako za mu yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba, wato mazan da ciwon daji ya kama tun suna yara, Allah ya ba su lafiya, suka girma suka yi aure, yanzu sun zuba ido suna jiran haihuwa.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Akwai wani irinsa mai kumbura muƙamuƙin yaro, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, ya kuma fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Akan warke da yardar Allah. To amma wasu daga cikin allurai masu ƙarfi da ake yi wa mai ciwon daji, da gashin na'ura idan ya taɓa maraina, sukan raunana ƙwayoyin haihuwa na namiji. Wani ya haihu lafiya lau, wani kuwa sai shiru.

Son ɗa ba laifi ba ne. Annabi Zakariyya, Alaihis Salamu, ya roƙi magaji bayan furfura ta rufe kansa, Allah kuwa ya ba shi Yahaya. Amma a Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya sanar da mu cewa shi ke raba 'ya'ya mata da maza yadda ya so, shi ke kuma barin wanda ya so babu haihuwa. Saboda haka rashin ɗa ba alamar fushin Allah ba ne. Uwar Muminai Nana A'isha ba ta haihu ba, darajarta kuwa ba ta ragu ba.

Abin da ya wajaba a kan irin wannan bawa, na farko shi ne gaskiya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umarci wani mutum da ba ya haihuwa ya sanar da matar da ya aura, ya ba ta zaɓi. A wurinmu kuwa da an ji shiru sai a ce mace juya ce, dangin miji su dame ta da gori, a yi mata kishiya ko a sake ta, alhali mijin ya san jinyar da ya sha yana yaro. Wannan zalunci ne, za a kuwa tambaye shi ranar gobe ƙiyama.

Na biyu shi ne neman magani. Ya je asibiti a auna maniyyinsa, domin kunya ba ta warkar da kowa. Majalisar Fiƙihun Musulunci, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta haɗa ƙwayoyin miji da na matarsa a asibiti idan akwai larura, ta kuma haramta shigo da na wani bare, don kiyaye nasaba. Iyaye kuma, idan ɗansu ya balaga kafin a fara masa magani, su tambayi likita ko za a iya adana masa maniyyinsa.

Na uku shi ne haƙuri. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba, ga marayu nan birjik. Ya ɗauki ɗaya ya riƙe, ya bar masa sunan mahaifinsa kamar yadda Suratul Ahzab ta hukunta. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi wa mai riƙon maraya bushara da maƙwabtaka da shi a Aljanna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba, amin. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.