Bakin Uwa A Lokacin Jarrabawar 'Ya'yanta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah (SWT), tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

Bayan haka, 'yan uwana mata, da yawanmu muna da 'ya'ya a jami'a, a Bayero ko Zariya ko Sakkwato. In jarrabawa ta matso, yaro sai ya daina barci, abinci ya fita ransa, gabansa ya riƙa faɗuwa. Ya bugo waya don ya ji sanyi, sai uwa ta tare shi da cewa, "Wallahi kar ka kuskura ka faɗi, ka san wahalar da babanka ya sha kafin ya biya kuɗin rajista." Haba 'yar uwa! Ai ya sani, kuma shi ne ma abin da ya hana shi barcin.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mummunar addu'a, gudun kada ta dace da sa'ar karɓa. Don haka ki riƙe harshenki, ki sa masa albarka, ki tashi cikin dare ki roƙa masa.

Ki koya masa tawakkali irin na hadisin Tirmizi, inda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Ɗaure raƙumin ɗalibi shi ne karatu tun farkon zango, cin abinci, sallah a kan lokaci, da barci. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, wanda ya kwana a aji kuwa yakan shiga jarrabawa kansa a toshe.

Tsoron faɗuwa kan jefa wasu cikin satar amsa ko shan ƙwaya irin tiramadol. Ki gaya masa ƙarara: faɗuwa da gaskiya ta fi miki cin ha'inci, kuma takardar da aka faɗi ana sake ta.

In kin ji ya yi makonni cikin ƙunci, ko yana cewa ya gaji da rayuwa, kada ki ɗauka raki ne. Ki je ki same shi, a kai shi wajen likita, ana addu'a ana magani.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sanyaya zukatansu, amin.